Cokulan azurfar da Baba ya bari: na gidan sarauta ne, kuma mu sayar wa maƙeri?

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Mahaifinsu ya yi karatu a Ingila a shekarun 1960, ya dawo da akwatin katako cike da kayan cin abinci: manyan cokula 12, manyan cokula masu yatsu 12, matsakaitansu 12-12, wuƙaƙe 12 da 'yan cokulan shayi 6. Ya sha gaya musu cewa a gwanjo ya saya, kayan gidan wani Lod ne, wato basaraken Ingila. A fuskar kowane mariƙi an zana kambi mai ganye uku, kan tsuntsu yana fitowa daga cikinsa. A baya akwai 'yan tambura: zaki yana tafiya, fuskar damisa, wani murɗaɗɗen harafi, kan wata mace, da haruffan GA. A ruwan wuƙaƙen an rubuta Stainless, a cokulan shayin kuma EPNS. Baba ya rasu bara, an zo rabon gado, wani maƙerin fari ya yi tayin saye bisa nauyi. Yana so ya san ko azurfar gaske ce, ko labarin Lod ɗin ya tabbata, da abin da ya kamata su yi.

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa, ku kuma Ya haɗa kanku a kan abin da ya bari.

Kafin mu shiga bayani ina roƙonka abu biyu. Kada ku ba maƙerin nan amsa tukuna, kuma kada kowa a gidan ya ɗauki soso ya ce bari ya wanke su su yi ƙyalli kafin a kai kasuwa. Sauran kurakurai ana iya gyarawa, waɗannan biyun ba sa gyaruwa.

Na shafe sama da shekara ashirin ina juya irin waɗannan cokula a hannu, kuma abin da aka fara koya mini shi ne cokali ta baya ake karanta shi. Zanen da ke fuskarsa, mai kayan ne ya biya aka yi masa yadda yake so. Tamburan baya kuwa hukuma ce ta buga. Don haka da su za mu fara.

Tsantsar azurfa ta cika taushi, in aka yi cokali da ita zai lanƙwashe a cikin tuwo. Shi ya sa ake haɗa ta da jan ƙarfe kaɗan: kashi 925 cikin 1000 azurfa, 75 jan ƙarfe. Wannan haɗin ne Ingilishi ke kira sitalin, kalma ɗaya da ta sunan kuɗinsu, domin asali da shi ake buga sulallansu. Tun 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa doka cewa ba a sayar da kayan azurfa sai sun kai wannan ma'auni an buga musu kan damisa. Daga 1478 aka wajabta wa maƙeran Landan kai aikinsu zauren ƙungiyar maƙeran zinariya, a kankari ɗan ɓurɓushi a gwada. In ya cika a buga tambari, in ya gaza a farfasa kayan a mayar wa mai su. Har yau ana bin wannan tsari, kuma shi ne dalilin da ya sa daga nan inda nake zaune zan iya gaya maka shekarun cokalin da ban taɓa gani ba.

Zakin da ke tafiya, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, ya shigo a 1544, kuma shi ne shaidar cewa azurfar ta kai 925. Fuskar damisa tana nufin a Landan aka gwada. Da a Birmingham ne da ka ga ƙugiyar jirgin ruwa, da a Sheffield ne da ka ga kambi, duka ofisoshin biyu an buɗe su a 1773. Duba damisar taku da kyau: kafin 1821 tana sanye da kambi, daga nan aka cire mata. Taku ba za ta zo da shi ba, saboda matar da ke gefenta. Wannan kan Sarauniya Biktoriya ne, yana duban hagu. A 1784 gwamnati ta ɗora haraji a kan kayan azurfa, ake buga kan mai mulki don nuna an biya, har aka soke harajin a 1890. Kan Biktoriya ya fara fitowa a 1838. Sai GA, wanda a cokulan Landan na wannan zamanin kusan kullum George Adams ne, mai kamfanin Chawner, wanda ya yi rajistar tambarinsa a 1840, kamfanin ya ci gaba a hannunsa har 1883. A lokacinsa babu gidan ƙira a Landan da ya kai shi yawan cokula, kuma aikinsa mai kyau ne, manyan kantuna ma wurinsa suke saro su sayar.

Ka ga ke nan tun kafin mu taɓa murɗaɗɗen harafin mun rufe cokulan tsakanin 1840 da 1883. Harafin shi ne zai ba ka shekarar. A wancan zamanin Landan tana amfani da haruffa ashirin, daga A zuwa U ba tare da J ba, kowace shekara ɗaya, in sun ƙare a sauya salon rubutu a sake daga farko. Daga 1836 zuwa 1855 manyan baƙaƙe ne na tsohon rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe, daga 1856 zuwa 1875 ƙanana na wannan salon, daga 1876 kuma manyan baƙaƙe sarari irin na littafi. Tunda ka ce naku murɗaɗɗe ne, yana cikin zagaye biyun farko. In babba ne kuma K ne, 1845 ke nan, in P ne 1850. A lokacin, a ƙarshen watan Mayu suke sauya harafi, saboda haka kowane harafi yana cin wani ɓangare na shekara biyu. Ari gilashin mai gyaran agogo ka duba, kada ka dogara da ido kawai.

Amsar tambayarka ta farko ke nan: cokula 48 ɗin nan azurfa ce ta gaske, kuma sun haura shekara 150.

Cokulan shayin dabam suke. EPNS na nufin farin ƙarfe ne aka yi wa ruwan azurfa da lantarki, dabarar da 'yan gidan Elkington na Birmingham suka yi wa rajista a 1840. Azurfar da ke jikinsu ba ta kai kaurin fatar albasa ba, kuma ba su da wata daraja a kasuwa. Wuƙaƙen ma ba sa'o'in cokulan ba ne. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wato Stainless ɗin da ke ruwansu, sai a 1913 Harry Brearley ya samo shi a Sheffield, don haka ko dai wuƙaƙen gaba ɗaya na baya ne, ko an sauya musu ruwa. Wannan ba aibi ba ne, haka akasarin tsofaffin akwatuna suke, domin wuƙa ce ke fara mutuwa. Abin da nake so ka riƙe shi ne ƙotar wuƙar ba dunƙulen azurfa ba ce. Siririn bawo ne aka cika da ƙaro ko wani abin ciko aka dasa ruwan a ciki. In za a yi awo a ware su gefe.

Yanzu maganar Lod, kuma a nan nake so ka ba ni haƙuri, don na san labarin daga bakin Baba ya fito. Ban ce ƙarya aka yi masa ba. Abin da nake cewa shi ne zanen da ka kwatanta bai tabbatar da labarin ba.

Kambi iri biyu ne a zanen tambarin dangi na Ingila, kuma mutane da yawa, har da wasu dillalai, suna rikita su. Akwai kambin muƙami, wanda ke zaune shi kaɗai a sama da tambarin ko a sama da haruffan sunan mai shi, kuma kowace sarauta da nata. Na Duke ana ganin ganye biyar. Na Marquess ganye uku da 'yan ƙwallaye biyu a tsakani. Na Earl ƙwallaye biyar a kan dogayen tsinke, da ganye a ƙasa tsakaninsu. Na Viscount jerin ƙwallaye ne manne da juna, na Baron kuma ƙwallaye huɗu. Wannan in ka gan shi, mai sarauta ne ya ci abinci da cokalin. Sai kuma ɗaya kambin, mai ganye uku ba ƙwallo, wanda dabba ko tsuntsu ke fitowa daga cikinsa kamar daga kwando. Shi wani ɓangare ne na zanen kawai, ba ya nuna muƙami ko kaɗan. Dangin da ba su taɓa riƙe sarauta ba da yawa suna da shi. Naku, yadda ka faɗa, wannan na biyun ne.

Ƙari a kan haka, kan tsuntsu a cikin kambi ba na gida ɗaya ba ne. In ka buɗe kundayen da aka tattara waɗannan tambura za ka tarar da sunayen dangi rututu a ƙarƙashin zane guda. A zamanin Biktoriya kuma, lokacin da masu masaƙu da 'yan kasuwa suka yi kuɗi, akwai shagunan da mutum zai shiga ya faɗi sunan danginsa, a buɗe littafi a nemo masa tambarin wasu masu irin sunan, a zana masa a cokula ko da babu jini tsakaninsu. Hukumar da ke da ikon ba da tambari, College of Arms, wadda aka kafa a 1484, ba ta san da yawancinsu ba. Abin da zanen naku ya nuna tabbas shi ne gida ne na masu hali, masu baƙi goma sha biyu a teburi da barorin da za su goge azurfa. Ko Lod ne, ko alƙali, ko mai masaƙa a Manchester, zanen bai faɗa ba.

Akwai lokacin da zane ke yin magana sarai. A gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan akwai cokali mai yatsu biyu na 1632, mafi tsufa da aka sani mai tambarin Ingila. An zana masa tambura biyu, na John Manners na gidan Haddon Hall, wanda daga baya ya zama Earl na Rutland, da na matarsa Frances Montagu. Tamburan gida biyu sun haɗu a abu ɗaya, shekarar ta faɗo cikin zamanin aurensu, ba sauran gardama. To duba naku ko akwai wani abu na biyu: 'yan kalmomin kirari a sama ko ƙasan zanen, haruffan suna, ko lambobi. In kirarin yana sama, galibi dangin Sikotland ne. Kirari da zane in suka haɗu sukan rage sunayen daga hamsin zuwa biyu ko uku.

Labarin Baba kuma yana da inda ya tsaya da ƙafarsa, domin kayan manyan gidaje sun fito gwanjo ba adadi. A 1848 bashi ya ci Duke na Buckingham da Chandos, shekara uku kacal bayan ya kashe dukiya wajen saukar Sarauniya Biktoriya, aka yi kwana 40 ana gwanjon kayan gidansa na Stowe. A 1894 aka kafa harajin gado, wanda ya yi ta hauhawa har ya zama duk mutuwar maigida sai an sayar da wani abu. Bayan yaƙin duniya na biyu barori suka watse zuwa masana'antu da ofisoshi, aka rushe gidaje da dama, azurfa ta cika ɗakunan gwanjo na ƙananan garuruwa da araha. Daidai lokacin da Baba ke can ke nan. Abin da zai tabbatar da zancen takarda ce: rasit, shafin kundin gwanjo mai lambar kaya, ko wata 'yar takarda da aka manna. Ɗaga shimfiɗar cikin akwatin a hankali, duba ƙarƙashinsa da cikin murfin, duba farantin tagulla na saman murfi ko akwai suna, sannan a bincika takardun Baba na Ingila kafin a zubar da ko ɗaya. Mai saye ba ya ƙara ko sisi a kan "an ce", amma yana ƙarawa a kan takarda.

Sai lafiyar kayan. Shimfiɗa farin zane, ka jera duka 48 a kife. Karanta tamburan ɗaya bayan ɗaya. In duk GA ne kuma harafin shekara ɗaya ne, to tare aka haife su, kuma irin wannan ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan wanda dillali ya tsinto nan da can ya haɗa. Ɗauki cokula masu yatsu ka tsayar da su kafaɗa da kafaɗa. Yatsun na cinyewa ta gefe ɗaya saboda gogar faranti, sai wasu su yanke su su daidaita, cokalin ya gajarce. Taɓa bakin manyan cokulan da ɗan yatsa: mai lafiya yana da kauri a baki, wanda ya sha aiki ya yi kaifi kamar reza, kuma ya zaizaye ta hagu saboda masu ci da dama.

Ga wata dabara da nake so ka gwada da kanka. Kai mariƙin kusa da bakinka ka huro masa numfashi, kamar mai goge tabarau, ka duba wurin zanen kafin hazon ya ɓace. In an taɓa kankare wani tsohon zane aka ɗora wannan, za ka ga inuwarsa ta bayyana, ko ka ga wurin ya ɗan lotsa kamar an danna da babban yatsa. Na taɓa yi wa wasu cokula haka a gaban mai su, wani dattijo da ke da yaƙinin na kakan kakansa ne. Hazon na sauka sai ga ƙahonin barewa sun fito a ƙarƙashin haruffan danginsa. Ya karɓa ya hura da kansa har sau uku, ya yi shiru, sannan ya ce ashe su ma na hannu suka saya.

Mu zo kan kuɗi, in gaya maka gaskiya ba tare da na ɗaga maka rai ba. Cokulan zamanin Biktoriya ba su da wuyar samu, an yi su da yawa. Ƙasan farashinsu shi ne nauyin azurfar. A abin da na saba aunawa, babban cokali na wannan zamani yakan kama daga giram 70 zuwa 100 gwargwadon adonsa, matsakaici kuma 45 zuwa 65. Naku 48 za su iya tashi sama da kilo biyu da rabi zuwa kusan huɗu. Auna su a sikelin masu gwal, ka ninka nauyin da 0.925, ka raba da 31.1, abin da ya fito shi ne yawan oza na tsantsar azurfa. Ninka shi da farashin oza na ranar, wanda za ka gani a intanet. Duk tayin da ya gaza wannan sosai, an taya muku ƙasa da kuɗin ƙarfen ma. Abin da ke sama da haka kuma shi ne ladan aikin George Adams, cikar dozin-dozin, da lafiyar kayan. Wani lokaci ƙarin kaɗan ne, musamman in azurfa ta yi tsada. In saitin haihuwa ɗaya ne kuma adonsa na da wuyar samu, ƙarin na da kauri. Manyan gidajen gwanjo na Ingila suna duba hoto su ba da ƙiyasi kyauta, sai dai ka tambayi la'adarsu da kuɗin aikawa kafin ka yi lissafin riba.

Ban ga laifin maƙerin ba, sana'arsa ce. Maƙeran farinmu sun daɗe suna narka liyari da tsofaffin sulalla su fitar da mundaye da zobba, kuma azurfa mai tambarin zaki ta fi liyari kyau, don shi 833 ne. A idonsa cokalin nan danyen kaya ne. Amma ni abin na ci mini rai. A 2011, da farashin oza ya doshi dala 50, na shiga wurin wani mai sayen azurfa na tarar da bokitin roba cike da cokula za a kai narkawa. Na sa hannu na zaro ɗaya, siriri, mara ado, na juya bayansa. Haruffan HB ne cikin rubutun hannu, tambarin Hester Bateman, matar da ta karɓi maƙerar mijinta bayan rasuwarsa ta riƙe ta daga 1761 zuwa 1790. Na sayi shida da kuɗin da ke aljihuna a ranar. Sauran, washegari sun zama dunƙule. Kowane cokali a cikin akwatinku, wani ya ɗauki sandar azurfa ya yi ta bugu yana mayarwa wuta har ta miƙe ta zama abin da kake riƙe da shi. Narka shi ba ya cin minti goma.

Akwai kuma gefen addini, wanda na san yana ranku ko ba ka ambata ba. Hadisin Huzaifa da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana ci da sha a tasoshin zinariya da azurfa, malamai sun sa cokali a ciki, kuma littattafan Malikiyya da muka tashi a kansu sun tsananta har a kan ajiye su, ko ga mace. Ga zakka kuma: nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, kuma kason kowane magaji ake dubawa. Ku zauna da malamin da ke raba muku gadon ku faɗa masa nauyin da ƙimar, har da yadda cinikin azurfa ke son biya hannu da hannu. Shawarata ta sana'a ita ce kada a raba cokulan kansu, wannan ya ɗauki uku wancan biyar. Dozin in ta watse kowane ɗaya ya koma kuɗin nauyinsa. A yi musu ƙima a dunƙule, a sayar a dunƙule, a raba kuɗin.

Kafin nan, ga yadda za ku riƙe su. Baƙin da kuke gani ba datti ba ne, farar wutar da ke cikin iska ce ta kama fatar azurfar, kuma bai ci jikinta ba. Mai saye ya fi son ya gan su da baƙinsu. Toka, yashi, soson ƙarfe da man goge baki duk suna kankare azurfa, suna shafe tamburan da su ne dukan shaidarku. In dole sai an wanke, ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi da tsumman auduga mai laushi sun isa, a tsane su nan take. Wuƙaƙen kada a jiƙa su a ruwan zafi, ƙaron ciki zai narke ya kumbura ya tsaga ƙotar. Kada a ɗaure su da robar ɗaure kuɗi, tana barin baƙin zobe mai wuyar fita, kuma a nisanta su da gishiri da ƙwai. A naɗe kowanne a tsohon farin zane mai tsabta, a ajiye inda babu laima.

Ɗauko hoton bayan cokali ɗaya daga kowane iri, da rana a bakin taga, ba tare da hasken waya ba, kusa yadda harafin zai fito. Ƙara da hoton zanen fuskar, da na mariƙin gaba da baya, da na cikin murfin akwatin. In ka turo su tare da nauyin kowace dozin, zan gaya maka shekarar da sunan adon, in kuma akwai kirari a jikin zanen sai mu bi sawun gidan da suka fito.